Rigakafin daskarewar jini bayan tiyatar sauya gaɓa

Rigakafin daskarewar jini bayan tiyatar sauya gaɓa shi ne matakan da likitoci ke ɗauka don kada jini ya yi guda a jijiyoyin ƙafa bayan an sa wa mutum kwatangwalo ko gwiwa ta roba da ƙarfe. Idan gudan ya ɓalle, jini kan kai shi huhu ya toshe hanya, kuma hakan na iya kisa farat ɗaya. Idan ba a yi rigakafi ba, ana samun gudan jini a kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin, da yawa ba tare da wata alama ba.

Dalili

Abubuwa uku ke haddasa shi, kuma ana danganta bayaninsu ga likitan Jamus Rudolf Virchow: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin ya zama mai saurin daskarewa. Tiyatar gaɓa tana haɗa duka ukun.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Sun haɗa da wanda ya taɓa samun gudan jini, masu ciwon daji, masu ƙiba sosai, tsofaffi, da matan da ke shan maganin tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin. A arewacin Najeriya akwai kuma masu cutar sikila. Cutar kan kashe kan ƙashin cinya tun mutum yana matashi har a buƙaci sauya kwatangwalo, ga shi jininsu dama yana saurin daskarewa, musamman idan jiki ya rasa ruwa.

Hanyoyin rigakafi

Na farko shi ne tada majinyaci ya fara taka ƙafa a ranar aikin ko washegari. Ana kuma amfani da safa mai matse ƙafa, ko na'urar da ke hura iska tana matsa sha-raɓa. Sai magungunan tsinka jini: allurar enoxaparin, ko ƙwayar rivaroxaban, apixaban, warfarin ko asfirin. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta 2012 ta ce a ba da magani aƙalla kwana 10 zuwa 14, kuma an fi so a kai kwana 35. Ga mai babban haɗari, likitoci kan zaɓi maganin da ya fi asfirin ƙarfi, bayan sun duba lafiyar ƙodarsa da yiwuwar zubar jini.

Bayan sallama

Haɗarin yakan ɗauki makonni, don haka yawancin kulawar a gida take. Wanda aka yi wa aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, idan zai koma Birnin Kebbi, Zauro ko Argungu, yana da zaman mota na sa'o'i masu yawa. Ana so a riƙa tsayawa ya motsa ƙafa, ya sha ruwa. Kada ya bar magani don ya ji sauƙi, kada ya haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen na kemis, kuma kada a yi masa ƙaho, domin jinin zai yi wuyar tsayawa.

Alamomin haɗari

Kumburi, zafi ko ciwo a sha-raɓar ƙafa ɗaya na buƙatar ganin likita a ranar. Sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji ko tarin jini kuwa, sai a garzaya asibiti mafi kusa nan take.