Tarin shiƙa da mayaƙan da ke cikin jinin yaro

Duk uwar da ta taɓa kwana zaune da yaro mai tarin shiƙa, a Matankari ta ke ko a Dumega, ba ta bukatar a kwatanta mata shi. Yaro ya yi ta tari a jere ba numfashi, idanu su yi ja, sa'an nan ya ja iska da ƙara, sau da yawa amai ya biyo baya. Amma akwai wani faɗa da a ke yi cikin jininsa wanda ido ba ya gani, kuma ya kamata jama'ar Arewa su san shi.

Cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi, ban da jajayen da su ka ba jini launinsa. Su ne mayaƙan jiki. Waɗansu su na cinye ƙwayar cuta nan take. Waɗansu kuwa, da likitoci ke kira limfosit, aikinsu shi ne su gane maƙiyi, su ƙera makamin da ya dace da shi, su kuma riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Masaukinsu cikin kaluluwa ya ke; su kan fito su zaga cikin jini, su koma.

Ƙwayar tarin shiƙa, wadda Jules Bordet da Octave Gengou su ka ware a ƙasar Beljiyam cikin 1906, ta na da wayo. In ta shiga da numfashi sai ta manne a hanyar iska, ta lalata ƙananan gasun da ke share majina. Daga nan ta saki wani dafi wanda ke hana limfosit komawa cikin kaluluwa. Sai su taru cikin jini, kamar ƴan kasuwa da a ka toshe ma hanyar gida, ga yawa ga rashin amfani. Jinjiri mai lafiya ya kan sami fararen ƙwayoyi kamar 6,000 zuwa 17,000 cikin ɗan ɗigon da likitoci ke aunawa. In cutar ta tsananta, lissafin ya kan wuce 50,000, wani lokaci har 100,000. Cunkoson nan ya kan toshe ƙananan jijiyoyin huhu, zuciya ta gaji. Shi ya sa cutar ta fi kashe jinjirin da bai cika wata 3 ba, wanda sau da yawa ko ƙarar nan ba ya yi, numfashi kawai ke ɗauke masa.

A nan ya kamata mu faɗi wata magana. Yanke beli wurin wanzami ba ya taɓa ƙwayar nan ko kaɗan, sai ƙarin rauni da zubar jini. Maganin likita kuwa ya fi aiki cikin mako na farko ko na biyu, tun cutar na kama da mura. In an makara, maganin zai hana yaro shafa ma ƴan uwansa, amma tarin zai ci gaba.

To, me allurar rigakafi ke yi? Ta na nuna ma mayaƙan nan maƙiyi a mace, ba shi da ikon cutarwa. Su dube shi, su ƙera makami, su ajiye masu tunawa da shi. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa wannan allura cikin babban shirinta na rigakafin yara tun 1974. A Nijar, tun 2008 ta na cikin allurar Penta, mai kare cututtuka biyar, wadda a ke yi ma yaro a cinya ya na da mako 6, da mako 10, da mako 14.

Uwaye da dama su kan yi ta farko, yaro ya kwana da zazzaɓi, cinya ta kumbura, sai su ƙi komawa. Zazzaɓin nan alama ce fararen ƙwayoyi sun tashi aiki, kuma ya kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya yi tsanani, ko yaro ya yi jijjiga, a kai shi gidan likita. Penta ɗinmu ta ƙunshi ƙwayar ne sukutum, don haka ta fi kawo zafin jiki. Ƙasar Japan ta fito da wata mai sauƙi cikin 1981, wadda ta ƙunshi ɓangarorin ƙwayar kaɗai, ƙasashe masu arziki su ka rungume ta. Daga baya bincike ya nuna kariyarta ta fi saurin raguwa.

Allura ɗaya somin karatu ce, sai da ta uku kariya ke kankama. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya duba karnen yaro, nasa da na maƙwabci, ya ga ko an cika gurbi uku. Kuma uwar da aikin gona ko nisan hanya ya sa ta tsallake ranarta, daga ƙauyukan Dankasari ta ke ko na Tibiri, kada ta ji kunyar komawa. Ba a sake farawa daga farko, malaman lafiya za su ɗora daga inda a ka tsaya.