Karnukan Farauta Cikin Dusar Ƙanƙara da Tsinkewar Jijiyar Gwiwa

A ƙasashen arewacin Turai, watau Norwe da Suwidin da Finlan, har zuwa arewacin Rasha, karen farauta dukiya ne wanda a ke kashe wa kuɗi da lokaci mai yawa kafin ya ƙware. Akwai irin da mutanen Norwe ke kira Elghund, da ɗan'uwansa na Suwidin, Jamthund, waɗanda aikinsu shi ne su bi sawun wata ƙatuwar dabbar dawa mai ƙaho mai rassa, wadda ta kan fi doki tsayi, su tsare ta da haushi har maharbi ya iso. Akwai kuma Labrador, wanda a ke horarwa don ɗauko tsuntsun da aka harbo. Farautar babbar dabbar nan ta kan soma ne a watan Satumba ko Oktoba, sa'an nan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa wata huɗu zuwa shida a lardunan arewa. Cikin waɗannan watanni mafarauci ba ya son karensa ya kwanta ya yi teɓa, saboda haka da yawa su kan sake shi ya yi ta gudu cikin dusa mai zurfi, bisa zaton cewa abu ne mai laushi wanda ke gina ƙarfi ba tare da ya ji wa gaɓa ciwo ba. Zaton nan yana da ƙamshin gaskiya, amma ya ɓoye wani haɗari, wanda likitocin dabbobi suka san shi sarai.

Wajibi ne a fara daidaita kalma ɗaya. Jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Wadda a ke nufi a nan ita ce farar igiya mai tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a cikin gaɓa. A tsakiyar gwiwar ƙafar baya ta kare akwai irinta guda biyu da suka gitta juna, suna riƙe ƙashin cinya bisa kan ƙashin ƙwauri. Ta gaban ita ce mai yawan tsinkewa. Ita ke hana ƙwauri zamewa gaba, ita ke hana shi murɗewa ciki, ita ce kuma ke hana gwiwa miƙewa fiye da kima.

Ɗan Adam ma yana da wannan jijiya, ita ce 'yan ƙwallo ke tsinkewa a fili, amma tsayuwar mutum dabam ta ke da ta kare. Mutum yana tsayawa gwiwa a miƙe, ƙashi bisa ƙashi. Shi kuwa kare kullum gwiwarsa a lanƙwashe ta ke, kuma saman ƙashin ƙwaurinsa ba a shimfiɗe ya ke ba, ya gangara baya da kimanin digiri 25. Duk sa'ad da ya taka ƙasa, sai ƙashin cinya ya nemi sulalewa kan wannan gangare, ya tura ƙwauri gaba. Wani likitan dabbobi na jihar Oregon a Amurka, Barclay Slocum, ya bayyana wannan turi dalla-dalla a 1983. Ma'anarsa ita ce jijiyar kare tana ɗaukar kaya a kowane taku, ko da tafiyar kasaita ya ke yi a tsakar gida.

Daga nan ne muhimmin batu ya ke fitowa. A wurin mutum, galibi lafiyayyar jijiya ce ke tsinkewa farat ɗaya saboda haɗari. A wurin kare kuwa, mafi yawan lokaci jijiyar ta daɗe tana lalacewa kafin ranar da za ta yanke, kamar igiyar guga wadda bakin rijiya ya yi wata da watanni yana cin zarenta, har ran da ta saki. Wanda ya fara nazarin ciwon da zurfi mutumin Finlan ne, Saki Paatsama, cikin kundin da ya gabatar a 1952. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1985 ya nuna cewa karnukan da nauyinsu ya wuce kilo 15, jijiyar tasu ta kan nuna alamun lalacewa tun suna da shekara 5. Dukan karnukan farautar da aka ambata a sama sun wuce wannan nauyi. Akwai hujjoji biyu masu ƙarfi da ke goyon bayan wannan fahimta. Karen tsere na Ingila, Greyhound, wanda babu kare mai gudunsa, da wuya jijiyarsa ta tsinke, alhali Labrador da Rottweiler da Newfoundland su ne ke cika asibitin dabbobi da wannan ciwo. Sa'an nan karen da ya tsinke ta ƙafa ɗaya, tsakanin sulusi zuwa rabin irinsu su kan tsinke ta ɗaya ƙafar cikin shekara ɗaya ko biyu. In da haɗari kaɗai ke kawo ciwon, da ba a ga haka ba. Gado, da ƙiba, da shekaru, da fiɗiya, duk an same su da hannu a ciki.

To, mene ne laifin dusar ƙanƙara? Ita ce ke kawo ranar da igiyar za ta saki, kuma ba kowace iri ce ta ke da haɗari ɗaya ba. Sabuwar dusa busasshiya, mai kama da gari, wahalarwa kawai ta ke yi. Jiƙaƙƙiya mai nauyi ta kan riƙe ƙafa kamar taɓo. Wadda ta fi muni ita ce ta ƙarshen hunturu, lokacin da rana ke narkar da samanta da yini, sanyin dare kuma ya daskarar da shi ya zama ɓawo, wanda mutanen Norwe da Suwidin ke kira skare. Wanda ya taɓa taka fadamar da samanta ya bushe ƙarƙashi kuwa laka ce zai gane yanayin. Ɓawon ya kan ɗauki kare taku uku ko huɗu, a na biyar ya burma. Ƙafa ta nutse ta maƙale, jiki kuwa yana ci gaba da gudunsa. In karen yana cikin juyawa ne, cinya ta murɗa bisa ƙwaurin da ya kafe. In a miƙe ya ke gudu, gwiwa ta banƙare fiye da iyakarta. Waɗannan su ne ainihin motsin da jijiyar ke hanawa, kuma a irin wannan hali ko lafiyayya tana iya yankewa, balle wadda ta riga ta rauni. Daɗin daɗawa, dusa tana rufe kututture da duwatsu da ramuka, ta mayar da su fili ɗaya fari fat.

Gajiya ma tana da nata rabon. Cikin dusa mai zurfi kare ba ya iya sassarfa, sai dai ya riƙa tsalle kamar zomo, ƙafafun baya biyu suna cilla dukan jiki sama. Tsokokin bayan cinya, waɗanda ke taimaka wa jijiyar wajen riƙe ƙwauri, su kan gaji da wuri, in sun gaji kuwa kayan ya koma kanta ita kaɗai. Karen farauta ba ya tsayawa don ya gaji, musamman in ya ji warin nama, ko in ubangidansa yana gaba bisa katakon zamiya ko babur ɗin ƙanƙara, shi bai san wahalar da ke bayansa ba. Jijiyoyin wuyan ƙafar gaba da tsokar matsematsi su ma su kan samu rauni ta wannan hanya, kuma bakin ɓawon ya kan yanki fata.

Abin da hankali ya fi karɓa shi ne a yi yawancin horon hunturu a kan hanyar da aka danne ta yi tauri, a fara da tafiya kafin gudu, a shiga dusa mai zurfi na ɗan lokaci kaɗan a ƙara sannu a hankali, ranar ɓawo kuwa a riƙe kare da igiya. Jefa masa abu ya bi a guje ya juyo bisa ɓawo ganganci ne tsantsa. Rage ƙiba ya fi dukan waɗannan amfani, ko da ya ke shi ne masu karnuka suka fi ƙi. Karen da ba a jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ya yi nauyi. A Norwe, shekarar da dusa ta yi yawa, ƙananan hukumomi su kan ba da umurnin ɗaure karnuka don kāre barewar daji da ke nutsewa ba ta iya gudu, umurnin da ke amfanar gwiwar karen shi ma.

Alamun farko ba su da tsanani, shi ya sa a ke raina su. Kare ya tashi daga kwance yana ɗingishi, in jiki ya yi ɗumi ya ware. In ya zauna ya kan fitar da ƙafar gefe maimakon ya naɗe ta. Daga baya cinyar ta rame, cikin gwiwa ya yi kauri. In jijiyar ta yanke duka, sai ya ɗage ƙafar ko ya riƙa taɓa ƙasa da kan yatsu. Likita ya kan riƙe cinya da hannu ɗaya ya ja ƙwauri da ɗaya. In ya zamo gaba kamar aljihun tebur, magana ta ƙare. Jinkiri yana da tsada, domin ƙashin da ke zamewa ya kan murƙushe guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, amosanin gaɓa kuma ya kafu.

Jijiyar da ta yanke ba ta haɗewa da kanta, ɗinke ta kuma ba ya riƙo. Wani bincike na 1984 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙananan karnuka, masu kilo 15 ko ƙasa, sun sami sauƙi da hutu kawai, amma cikin manya kamar ɗaya cikin biyar ne. Don haka karen farauta sai tiyata. Paatsama ya kan yanko zare daga fatar da ta lulluɓe tsokar cinya ya sa a madadin jijiyar. Slocum kuwa, a 1993, ya fito da dabarar da ta bar jijiyar gaba ɗaya: a yanka saman ƙashin ƙwauri, a juya shi har gangaren ya dawo kimanin digiri 5, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi, turin ya gushe. Aikin yana da tsada ƙwarai; an ƙiyasta cewa a 2003 kaɗai Amurkawa sun kashe dala biliyan 1.32 kan wannan ciwo. Ƙashin ya kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ya haɗe, komawa daji kuwa sai bayan wata huɗu zuwa shida. Karen da ya burma cikin ɓawo a watan Maris, in an yi masa aiki da wuri, yana iya riskar farautar Satumba, amma likita zai ci gaba da duba ɗaya gwiwar.