Kafin a ɓalle firam ɗin ƙofa, a duba abin da ke kansa

Gyaran gida yakan fara ne daga ƙofa. Biki ya matso za a kawo amarya, ko an sayi tsohon gida, ko gara ta gama da katako, sai maigida ya shiga kasuwa ya sayo ƙofar ƙarfe 'yar Chana ko 'yar Turkiyya, wadda ke zuwa haɗe da nata firam. Washegari a kira birkila, wani lokacin ma lebura, a miƙa masa guduma da cizal a ce ya ɓalle tsohon firam kafin azahar. Kowa na ganin babu aikin da ya kai wannan sauƙi, tunda ƙofar ɗaki ce kawai. A ƙa'idar gini kuwa haka ne, firam ba ya ɗaukar nauyin komai sai na ƙyaure. Matsalar ita ce gidajenmu da yawa ba a kan ƙa'idar aka gina su ba.

Abin da ya kamata ya riƙe bangon da ke saman ƙofa shi ne linta, wato kankaren da aka zuba da rodi a cikinsa, yana kwance a kan buɗin ƙofar, ya hau bango ta kowane gefe da aƙalla inci shida. A ginin ƙasa azara ce ke wannan aiki. Idan linta na nan da lafiyarta, a cire firam a bar wurin wata guda babu abin da zai motsa. To amma bangon cikin gida shi ne inda aka fi yin ha'inci, domin mai gini ya fi sa ido a bangon waje. Sau da yawa an raba falo ne daga baya da bulo mai inci shida, aka kafa firam ɗin ƙarfe, aka cika cikinsa da siminti, aka ci gaba da jera bulo a kansa kai tsaye. Wani wurin akwai linta amma gajeruwa ce, da ƙyar ta taɓa bango. Wani wurin an taɓa faɗaɗa ƙofar a baya, aka sare inda lintar ke zaune. A soron ƙasa kuma, azarar da yaɓe ya rufe tana iya ruɓewa ko gara ta rarake ta, daga waje ba a gani. A duk waɗannan halaye nauyi ya daɗe da sauka a kan firam, shi yake riƙe da bangon shekara da shekaru, masu gidan ba su sani ba.

Wani zai ce ai ko ya faɗo, bulo nawa ne? Akwai gaskiya a tambayar. Jerin bulo yana cije juna, don haka yawanci abin da ke zubowa yanki ne mai siffar dala a saman ƙofar, sauran bangon ya tsaya. Sai dai bulo guda mai inci tara ya haura kilo 20, ga filasta a jikinsa, kuma daga tsayin da ya wuce mita biyu zai taho, daidai kan mutumin da ya sunkuya yana dukan ƙasan firam. Wannan lissafin ma yana aiki ne idan bangon kansa kaɗai yake ɗauke. Idan katakon rufi ko azarar soro ko dakin, wato kankaren da bene ke zaune a kai, ya sauka a daidai wurin, ko ƙofar tana dab da kusurwar ɗaki inda babu bangon da zai tare ta gefe, to abin da zai motsa ya wuce 'yan bulo.

Hujja ta biyu ita ce ta gwaninta: birkilan nan ya cire ƙofofi ba adadi, bai taɓa ganin ɓarna ba. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, domin galibin ƙofofin da ya cire suna da linta. Gwanintarsa ba ta gaya masa abin da wani magini ya ɓoye a bayan filasta shekara talatin da suka wuce. Kuma binciken ba ya cin kuɗin da za a yi gardama a kansa. A kankare filasta a saman firam, faɗin tafin hannu, har zuwa kusurwoyi biyu, ta ciki da ta waje. Kankare a bayyane yake, ba ya kama da bulo, kuma za a ga iyakar inda ya tsaya. Tun kafin haka ma akwai alamu: ƙyauren da ya koma gogar sama, saman firam da ya lanƙwaso a tsakiya, tsagewar da ta tashi daga kusurwar ƙofa ta yi sama a karkace. Idan an ga ɗaya daga ciki, ko aka kankare babu linta, sai a tokare bangon da katako mai kauri da ƙarfen tokara, a zuba linta tukuna.

Ko da linta lafiya lau take, yadda ake cirewar na iya jawo ɓarnar da babu ita a da. Firam ɗin ƙarfe yana da kunnuwa da aka binne cikin bango, ƙafafunsa kuma suna cikin daɓe. Wanda ya sa ƙarfe ya banƙare shi da ƙarfin tsiya, bulon gefe yake fizgowa, wato kujerar da linta ke zaune a kai. A fara sauke ƙyaure, a tono kunnuwan a yanke su da injin yankan ƙarfe, a datse firam ɗin gida biyu ko uku, sai ya fito salin-alin. Na katako ma a yanka shi da zarto a tsakiya. Makunnin fitila kusan kullum a gefen ƙofa yake, bututun wayarsa na bin bango ya yi sama, saboda haka a kashe wuta daga babban makunni, a tuna da janareta da sola, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta. Yara su bar sashen gaba ɗaya, don ƙurar tsohon fentin mai na iya ɗauke da dalma. Ginin ƙasa kuwa a jira rani, bangon da ya sha damina ba ya jure girgiza.

Inda abin ya fi haɗari shi ne idan sabuwar ƙofa ta fi tsohuwa girma, abin da ke faruwa sosai domin akan saya kafin a auna. Sai a ce a ɗan sassare gefe, ko a rage linta daga ƙasa. A ƙasan linta rodin da ke riƙe ta yake, wanda ya sare nan ya kashe ta. Faɗaɗa ƙofa sabon aikin gini ne, yana buƙatar sabuwar linta mai tsawon da ya dace, kuma kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, don haka ba a zare tokara bayan kwana biyu saboda ranar biki ta ƙarato. Idan gidan bene ne kuma bangon na ƙasa ne, wannan ya fi ƙarfin shawarar birkila. A nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN ya zo ya duba ko dakin na zaune a kan bangon. Kuɗin zuwansa sau ɗaya, a mafi yawan lokuta, bai kai kuɗin ƙofar da aka sayo ba.