Sinkin da ba ya riƙe ruwa: abin da wayar hannu za ta iya yi kafin a nemo mai gyara

A sabbin gidajen da ake ginawa a Tudun Wada, Kiru da Bebeji, sinki ya shiga jerin kayan kicin ɗin amarya. Sai dai a gidaje da dama famfon da ke kansa ado ne kawai. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana nan kusa, amma ruwan wanke-wanke daga rijiya, burtsatse ko kurar ɗan garuwa yake zuwa, a jarka. Wanda ya sayi jarka mai lita 25 ya juye rabinta a sinki, ya juya ɗauko soso ya dawo ya tarar ruwan ya yi ƙasa, ya san kuɗinsa ne ke bin bututu.

Mai laifin yawanci ɗan ƙaramin abu ne: matoshin ramin sinkin. Iri uku aka fi gani. Akwai na roba mai sarƙa, akwai na ƙarfe da ake dannawa ya rufe a sake dannawa ya buɗe, sai kuma mai kama da ƙaramin kwando da ke tare ragowar abinci. Dukkansu roba ce ke yi musu aikin rufewa, ita kuwa roba zafi da tafasasshen ruwa suna busar da ita har ta tsage.

Kafin a sayi komai, a fara gano ta ina ruwan yake bi. A toshe, a zuba ruwa, a manna ɗan salatif daidai bakin ruwan, sannan a kunna agogon ƙirga lokaci na waya na minti 10. A wannan tsakanin a kunna tocilan ɗin wayar, a leƙa ƙarƙashin sinkin da busasshen tsumma a hannu. Idan ruwa ya ragu kuma ƙasan a bushe yake, galibi matoshin ne. Idan tsumman ya jiƙe, matsalar tana wajen babban notin da ya ɗaure bakin ramin da jikin sinkin, ko robar da ke tsakaninsu, kuma sabon matoshi ba zai yi maganin komai ba. Inda kai ba zai shiga ba, a tura wayar tana ɗaukar bidiyo.

In matoshin ne, wanki ya fi saye sauƙi. Ruwan rijiya yana zuwa da yashi, shinkafa da tuwo suna barin nasu, kuma ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin roba ta isa ta bar hanya. A cire shi, a goge robar da bakin ramin da tsohon buroshin haƙori da ruwan lemon tsami, wanda ke narkar da farin dattin da ruwa ke bari. Na kwando yana da ƙaramin noti a tsakiya da ke kwancewa a hankali. Ɗaure shi kaɗai yakan wadatar. Na dannawa kuma ana murɗa kansa hagu ya fito, a ga zoben robar da ke kewaye da shi. Abin da bai kamata a yi ba shi ne shafa masa basilin ko baƙin man inji. Zai yi kamar ya gyaru na kwana biyu, daga baya man ya lalata robar.

Idan robar ta tsage, sai saye, kuma a nan ne ake yawan asara. Daga yankin dajin Falgore zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 150 ce, ba wanda zai so ya aika direba Ƙofar Ruwa ya dawo masa da abin da bai shiga ba. Ramukan ba girmansu ɗaya ba: na wanke hannu yawanci bututunsa milimita 32 ne, na kicin 40, bakin mai kwando kuwa kusan 90. Manhajojin awo da kyamara ba abin dogaro ba ne a kan milimita biyu ko uku. Dabarar da ta fi ita ce a ajiye katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa kusa da ramin, a ɗauki hoto daga sama daidai. Tsawonsa milimita 85.6 ne, faɗinsa kusan 54, daidai da katin banki, don haka mai shago zai iya kwatanta girman ta WhatsApp. Katin bankin kansa dai kada ya shiga hoton.

Google Lens yana taimakawa wajen gano sunan nau'in matoshin, daga nan a nemi bidiyonsa a YouTube. Yawancin bidiyoyin daga Ingila da Amurka suke, inda kowace roba ke da lamba a kanti, amma hannun mai gyaran ake kallo, kuma a 360p ma ana ganinsa ba tare da data ta ƙone ba.

Kafin saƙo ya iso daga Kano, tsohon tubun babur yana rufa asiri. A yanko shi zagaye, ya ɗan fi ramin faɗi, a wanke shi sosai da sabulu, a shimfiɗa a kan ramin. Nauyin ruwan da kansa zai danne shi ya riƙe har a gama wanke-wanken yini.