Moto mai shan fetur da moto mai batir: a yi lissafi kafin a sai da bijimi

Da yawa cikinku kun ji labarin wata moto wadda ba ta shan fetur, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, sai dai a sa mata wuta kamar yadda ake sa wa salula. Wasu har sun fara tunanin su kai bijimi kasuwa bayan kaka su sayo ta. Kafin a kai ga haka, ku zo mu zauna mu yi lissafi tare, don kuɗin gumi ba a zuba shi bisa jita-jita.

Mu fara da inda muke. A zamanin iyayenmu, mutum yana zuwa kasuwa bisa jaki ko raƙumi ko da ƙafa, kayan gona kuma amalanke ke ɗauka. Tsadar mai ta 1973 da ta 1979 ta girgiza manyan ƙasashe, amma talakan ƙauye bai ji ta ba sai ta kuɗin mota da kananzir na fitila. Yau abin ya sake. Mace mai naƙuda bisa moto ake kai ta gidan likita. Albasa da tumatir da barkono bisa moto suke fita garka zuwa bakin kwalta. Samari da yawa da kabu-kabu suke ciyar da gida lokacin rani. Injin ban ruwa shi ma fetur yake sha. Ke nan ranar da mai ya ɓace, ba tafiya kaɗai ke tsayawa ba, har shukar da ke jiran ruwa tana iya ƙonewa.

To, ina man nan yake fito mana? Ta hanya biyu. Ta farko ita ce matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram bisa hanyar Tanut, wadda anka buɗe a ƙarshen 2011. Ana kawo mata ɗanyen mai daga Agadem ta bututu, kuma an gina ta don ta tace ganga 20.000 a rana. Kamfanin SONIDEP ke rarraba abin da ta tace, gwamnati ke yanke farashi. Shekaru da dama litar fetur tana tamma 540, wato dala 108. A watan Yuli na 2024 anka rage ta zuwa tamma 499, dala 100 ba tamma guda, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618.

Hanya ta biyu kowa ya san ta: ruwa-ruwa, man kwalba da jarka da ke ƙetaro iyaka daga Najeriya ta wajen Ƙwanni da Ɗan Isa da Magarya. Shi ya riƙe ƙauyukanmu shekara da shekaru, don ya fi na gidan mai araha, kuma yana kai wa inda babu gidan mai ko ɗaya. Dalilin arahar tasa shi ne gwamnatin Najeriya tana cika wani kaso na kuɗin kowace lita. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin nan ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1000. Da ruwa-ruwa ya yi tsada, jama'a duk sunka koma gidajen mai, abin da matata ke fitarwa ya kasa isa. Kun tuna dogayen layukan watan Maris na 2025 a Yamai da Maraɗi da sauran birane. Wani zai ce, ai muna da bututun da ke kai manmu har bakin teku a Benin tun 2024. Gaskiya ne, amma ɗanye ne ke bi ta ciki, ɗanyen mai kuwa ba a zuba shi cikin tankin moto.

Wannan wahala ita ta sa hankalin mutane ya koma ga moto mai batir. Bari mu duba yadda take aiki.

Moto mai fetur tana ƙona mai cikin inji, wutar buji ta tayar da shi, fistan ya motsa, sarƙa ta juya taya. Mafi yawan ƙarfin man yana tafiya a zafi da hayaƙi, ƙalilan ne ke kai wa ga taya. Shi ya sa in kun taɓa inji bayan tafiya yake ƙona hannu. Moto mai batir kuwa abu ukku ne zuciyarta: batir mai ajiye wuta, da wani ɗan akwati mai daidaita wutar, da injin lantarki wanda galibi yana cikin cibiyar tayar baya. Babu buji, babu karbirato da ƙura za ta toshe, babu juyen baƙin mai. Wutar da ta sha, mafi yawanta tana zama tafiya. Daga nan arahar take fitowa.

Ga lissafin. Ƙaramar moto irin wadda muke hawa, in tana da lafiya, tana shan wajen lita 2 da rabi a kilomita 100. Mu ɗauki mutumin da ke yin kilomita 40 kullum. Lita guda ke nan a rana, mu ce dala 100. A wata jika 15, a shekara jika 180. Mai batir kuma, a kilomita 40 ɗin nan, tana buƙatar wajen kilowat ɗaya da rabi na wuta. Mu ƙaddara ana sayar muku da kilowat guda dala 20: dala 30 ke nan a rana. Ragin dala 70 kullum, wanda a shekara ya wuce jika 120. Wannan shi ne abin da mai sayarwa zai faɗa muku, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ba zai yi saurin faɗi ba shi ne batir yana mutuwa, kuma shi ne abu mafi tsada a jikin moton.

Batir iri biyu ne, sai ku riƙe wannan da kyau. Akwai na dalma, dangin wanda ke cikin mota, mai nauyi, mai sauƙin kuɗi. Ana cika shi a sauke wajen sau 300 zuwa 500, daga nan sai ya fara kasawa. Kuma zafi abokin gabansa ne: masana sun auna cewa in zafin wurin ya ɗara digiri 25 da kamar digiri 10, kwanakinsa suna raguwa da rabi. Ku kuwa kun san watan Afrilu da Mayu a ƙasar nan, inda ma'auni ke wuce 40 ko a inuwa. Wanda ke aiki da batirin dalma kullum, kada ya sa rai zai wuce masa shekara guda da wani abin kirki. Sa'an nan akwai na litiyom, dangin na salula, marar nauyi, wanda mai kyau cikinsa yana jure cikawa sau 1000 har fiye da 2000, amma kuɗinsa ya ninka na dalma.

Saboda haka in kun je saye, ku tambayi kuɗin sabon batir tun kafin ku tambayi kuɗin moton. Ku raba kuɗin nan bisa kwanakin da zai yi. Misali, a ce batir ya tashi jika 100 kuma ya yi kwana 300: ya ci muku kusan dala 67 kowace rana. Kun ga dala 70 ɗin da kunka tsira da su wajen fetur, batir ya lashe su, saura dala 3. In kuwa na litiyom ne da ya yi shekara huɗu ko biyar, ko da ya fi tsada, ribar tana fitowa fili. Ni a ganina, moto mai batirin dalma ta ƴan birni ce masu zuwa ofis da lakwal bisa kwalta. Ba ta ɗaukar buhun albasa cikin rairayi ba ce.

Akwai kuma wata dabara da za ta hana a ruɗe ku wajen nisan tafiya. A jikin kowane batir an rubuta lamba biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. Ku ninka su. In an rubuta 72 V da 20 Ah, 1440 ke nan, wato kusan kilowat ɗaya da rabi. Ku raba wannan da 35, zai ba ku kilomitan da za ku samu bisa hanya mai kyau, mutum guda ba kaya: wajen 40. Duk wanda ya ce muku wannan batir zai yi kilomita 100, ku yi masa godiya ku wuce. In kun ɗora goyo da buhu biyu kunka shiga yashi, nisan zai ragu sosai, injin cikin tayar kuma yana iya yin zafi ya tsaya. Mai fetur in mansa ya ƙare a daji, yaro zai kawo masa kwalba guda ya tashi. Mai batir sai turi, ko amalanke, sa'an nan jiran awa 4 zuwa 8 kafin ya cika.

Wannan ya kawo mu ga babbar tambaya: ina za a samu wutar? A ƙasarmu wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma yawancinsu a birni suke. Su ma na birnin sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wa NIGELEC mafi yawan wutarta, ba a maido ba sai cikin 2024. Wanda ya gudu daga dogaro da man maƙwabci ya faɗa dogaro da wutar maƙwabci, bai yi nisa ba. Shi kuma mai niyyar cika batir da janareto mai shan fetur, gara ya zuba man cikin tankin moto kai tsaye, ya huta da asara biyu.

Abin da Allah ya hore mana da yawa shi ne rana. Tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ta Guru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara a 2023. Amma ba sai mun jira manyan tashoshi ba. Farantin hasken rana, wanda kuke kira pano, mai wat 300, yana ba da wajen kilowat ɗaya da rabi a yini mai haske. Ke nan faranti guda yana biyan kilomita 40 ɗin nan, biyu kuma sun ba da rarar da za ta rufe ranakun hazo da hadari, muddin ana share musu ƙura. Sai dai ba a haɗa batir da faranti kai tsaye. Akwai na'urar da ke shiga tsakani, kuma aikin mai sani ne, ba na gwaji ba. Akwai kuma wata matsala: rana da rana take fitowa, lokacin da moto ke bisa hanya. Mai batir guda dole ya zaɓa, ko aiki ko caji.

Wasu ƙasashe sun warware wannan ta hanyar musanya. A Kwatano da Lome, kamfanin Spiro yana da rumfuna inda ɗan kabu-kabu ke ajiye batirin da ya sauka, ya ɗauki cikakke, ya biya, ya wuce cikin ƴan mintoci. Batirin na kamfani ne, mutuwarsa ba ta kan mai moto. A Kigali, babban birnin Ruwanda, tun watan Janairu na 2025 an daina yi wa sabbin moto na kabu-kabu masu fetur rajista. Amma ku lura, waɗannan birane ne masu kwalta da cunkoso, rumfa kusa da rumfa. Tsakanin Dakwaro da Tanut ba haka abin yake ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙungiya. Ƙungiyar masu garka da ta riga ta sa famfo mai aiki da rana tana da faranti da ke zaune banza duk damina, da kuma sa'o'in da ba a ban ruwa. In ƙungiyar ta sayi moto ɗaya ko mai ƙafa ukku, da batir biyu na litiyom, ɗaya na caji ɗaya na aiki, don jigilar kaya daga garka zuwa kasuwar da ba ta wuce kilomita 15 ko 20 ba, lissafin yana iya tashi. Sharaɗin shi ne a buɗe asusu tun ranar farko, kowace tafiya a jefa kuɗin batir ciki, kada ranar da ya mutu a koma neman bashi.

Shi kuwa manomin da ba ya hawa moto sai ranar kasuwa, ku sake duba lissafin da shi. Dala 70 a mako, a shekara jika 18 ne kawai. Batir kuma ko ba a aiki da shi yana tsufa, na dalma ma in an bar shi a sauke ƴan makonni sai ya lalace. Wannan mutum ya riƙe motonsa mai fetur, ya kula da ita. Ya wanke matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura, ya duba iskar taya, ya shafa wa sarƙa mai, ya canza buji in ya yi baƙi, ya daina ɗora kayan da sunka fi ƙarfinta. Ya tace man kwalba da ƙyalle mai tsabta kafin ya zuba. Waɗannan kaɗai suna rage shan mai. Kuma kada kowa ya sai da jakinsa da amalankensa: taki da kara da buhunan hatsi, in ba sauri ake ba, har yau babu abin da ya kai su araha.

Ga waɗanda sunka riga sunka saya, ku kiyaye abu kaɗan. Kada ku yi caji a tsakiyar rana ko batir yana da zafi daga tafiya, ku bari ya huce a inuwa. Kada ku yi caji cikin ɗakin kwana, ko kusa da rumbu da tarin kara, don batirin litiyom in ya kama wuta kashe ta da wuya. Da damina kada ku kutsa cikin ƙorama ruwa ya rufe cibiyar taya. In batirin dalma ya mutu, kada ku fasa shi a tsakar gida, kada ku bar yara su yi wasa da shi, kada a narka dalmar a tukunyar girki. Kun ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa sunka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Gubar ɗaya ce. Ku maida mataccen batir wajen wanda ya sayar muku, kuma tun ranar ciniki ku sa shi ya rubuta a takarda cewa zai karɓa, tare da irin batirin da wata nawa ya lamunce muku shi.