Wankin ƙoda: a tsare ƙofar da jini ke bi

Ƙoda biyu da Allah ya ba ɗan Adam su ne matatar jikinsa. Dare da rana suna tace jini, suna fitar da dauɗa da rarar ruwa ta hanyar fitsari. Idan suka gaza sarai, galibi sanadin hawan jini ko ciwon sukari, sai a koma ga na'ura ta riƙa yin aikinsu. Wannan shi ne wankin ƙoda, kuma ana yin sa a ƙasarmu, kamar a asibitin Lamorde na Yamai. Bisa ƙa'ida, majinyaci yakan zo sau 3 a mako, kowane zama wajen awa 4. Ke nan sau 156 a shekara jininsa ke fita daga jikinsa, ya ratsa na'ura, ya komo.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki, wankin ƙoda kuwa ba ya yiwuwa sai an huda ta. To, ƙofar da aka buɗe wa jini, ita ce ƙwayoyin cuta ke nema. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano cewa daga 2017 zuwa 2020, haɗarin shigar ƙwayar stafilokok cikin jinin mai wankin ƙoda ya ninka na sauran manya har sau 100. Ita wannan ƙwaya ba daga nesa take zuwa ba: tana zaune bisa fatar mutane da cikin hancinsu.

Ƙofar jinin iri-iri ce, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai siririn tiyo da ake sakawa cikin babbar jijiyar wuya ko ta cinya, bakinsa yana waje. Shi ya fi saurin sakawa, shi ya fi kuma jawo cuta, domin hanya ce buɗaɗɗiya zuwa kusa da zuciya. Akwai kuma haɗin jijiya, wanda likitoci Brescia da Cimino suka bayyana a birnin Niyok a 1966: ana yin ƙaramar tiyata a hannu, a haɗa jijiya mai kai jini da mai komo da shi, fata ta rufe su. Haɗin yana bukatar aƙalla mako 6 kafin ya ƙosa. Saboda haka wanda aka gano ciwonsa da wuri yakan sami haɗin jijiya kan lokaci, wanda kuwa aka kawo a galabaice, ba makawa sai tiyo.

Haɗari na biyu shi ne jinin wani ya taɓa na wani. A 1969 da 1970 ciwon hanta iri B ya ɓarke a sashen wankin ƙoda na birnin Edimbara, a Birtaniya, ya kashe majinyata 7 da ma'aikata 4. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin likita Rosenheim, wanda ya fitar da ƙa'idodinsa a 1972: a riƙa awon jinin majinyata da na ma'aikata, a keɓe wa masu ɗauke da cutar wurinsu da na'urarsu, a sa tufafin kariya. Da aka bi su, annobar ta lafa, tun kafin a sami allurar rigakafinta a farkon shekarun 1980. Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai, domin ciwon hanta iri B ya yawaita a ƙasashen Sahel, kuma ƙwayarsa takan yi kwana 7 da ranta cikin busasshen jini bisa teburi ko jikin na'ura, ko da ido bai ga tabo ba.

Na uku shi ne ruwa. Lafiyayyen mutum yakan sha wajen lita 2 a yini, amma a zama guda na wankin ƙoda kimanin lita 120 ke wucewa daf da jini, ba abin da ya raba su sai wata siririyar tantani. A 1996, a garin Karuwaru na ƙasar Barazil, ruwan da ba a tace da kyau ba ya kai gubar gansakukar tafki cikin jinin majinyata, fiye da 50 suka rasu.

Maganin duk wannan ba abu ne mai wuyar samu ba. Ma'aikaci ya tsabtace hannunsa kafin ya taɓa majinyaci da bayan ya taɓa shi: daƙiƙa 20 zuwa 30 da alkol, ko 40 zuwa 60 da ruwa da sabuni, kamar yadda Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tsara. Ya sauya safar hannu tsakanin mutum da mutum, ya sa takunkumi, ya goge bakin tiyo da maganin kashe ƙwayoyi duk lokacin da zai buɗe shi. A goge kujera da na'ura bayan kowane zama, allura kuwa sau ɗaya ake aiki da ita.

Majinyaci da danginsa su ma suna da nasu rabo. Kada ruwan wanka ya jiƙa bandejin tiyo. In zufa ta ɓamɓare shi, a koma asibiti, kada a gyara a gida. Mai haɗin jijiya ya wanke hannun da sabuni kafin a sa masa allura. Zazzaɓi, ko ɗari mai kaɗa jiki, ko ja da ruwan mugunya a bakin ƙofar, ba abin jira ba ne, kuma kada a ɗauka masassarar sauro ce kawai a tsaya shan magani a gida.

Ku kuwa mahukunta, sayen na'ura rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin kasafin sabuni, alkol, safar hannu, awon jini, allurar rigakafi da gyaran matatar ruwa, tare da rajista da za a riƙa rubuta duk wanda cuta ta kama, domin a san inda bangon ya tsage. Wanda ya zo neman a wanke masa jini, hakkinsa ne ya koma gida ba da wata sabuwar cuta ba.