Zoben jan yaƙutu: tambayar da ya kamata ka yi kafin ka biya

A ce ka shiga shagon gwal neman zoben da za ka saka a lefe, aka jero maka guda uku, kowanne da jan dutse mai sheƙi. Mai shago ya ce duka yaƙutu ne. Ƙila bai yi ƙarya ba, amma fa a cikinsu akwai wanda ruwan lemun tsami kaɗai ya isa ya ɓata shi.

Bari mu fara da shi dutsen. Jan yaƙutu, wanda Turawa ke kira rubi, ma'adini ne mai suna korandum, wato haɗin alminiyum da oksijin. Asalinsa ba shi da launi, ɗan sinadarin kromiyum da ke cikinsa ne ke ba shi jan. A ma'aunin tauri na Mohs yana kan 9, daimon kuma 10. Yashin da ke cikin ƙura taurinsa 7 ne, ka ga kenan ba zai karce shi ba ko kullum yana hannun amarya.

To, ina bambancin ukun?

Na farko shi ne wanda aka haƙo daga ƙasa, irin na Mogok a Myanmar ko na Montepuez a Mozambik, inda aka gano shi a 2009. Yawancinsu sai an gasa su da wuta don jan ya fito sosai. Wannan ba aibi ba ne, launin ba ya komawa, sai dai wanda ba a gasa ba ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Na biyu ƙirar ɗakin gwaji ne. Tun a 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar haɗa shi. Sinadarinsa da taurinsa daidai suke da na ƙasa, ga araha. Idan kuɗinka ba su da yawa, babu abin kunya a nan, in dai ba a caje ka kuɗin na ƙasa ba.

Na ukun ne matsalar. Dutse ne mai tsagu da yawa, aka cike tsagun da narkakken gilashi mai dalma har suka ɓoye. Lemun tsami da bilic suna cin gilashin, wutar maƙeri kuma tana narka shi ranar da aka kai zoben gyara. Sai ka ga tsagun sun bayyana fari-fari.

Kada ka dogara da ido. Jan dutsen da ke gaban kambun sarautar Ingila an daɗe ana ɗaukarsa rubi, ashe wani ma'adini ne daban mai suna sifinel. Don haka ka tambaya kai tsaye: me aka yi wa dutsen nan? A rubuta amsar a rasit. In mai tsada ne, nemi takardar gwaji daga cibiya irin GIA. Ka ari madubin ƙara girma na mai shago ka leƙa: kumfar iska a ciki alama ce ta gilashi ko ƙirar ɗakin gwaji.

Wani abu kuma, karat na dutse nauyi ne, giram 0.2, shi kuwa na gwal, irin 18 ko 21, tsabtar zinarin yake nunawa. Ka tabbata an rubuta maka kowanne daban.